Ƙarfen da Ya Zama Maganin Sankara, da Inda Bincikenmu Yake Tsayawa

Manomin tumatir a Danja ba sai an gabatar masa da hodar nan mai ruwan ɗorawa ba, wadda ake damawa a feshe shuka idan raɓa ta yi yawa ganye ya fara baƙi. Sunan sinadarinta mankozeb, ko da yake kowane kamfani da sunan da yake bugawa a jikin ledarsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne akwai ƙarfe iri biyu a cikinta, manganis da tutiya. Ba ɓarɓashin ƙarfe ba ne wanda mayen ƙarfe zai tsinto. Ƙwayar zarra ce ta ƙarfe, wasu sinadarai suka kewaye ta suka riƙe, har halinta ya sauya gaba ɗaya. Irin wannan haɗi, ƙarfe a tsakiya 'yan rakiya a gefe, shi ya sa jininmu ja, don baƙin ƙarfe ne a tsakiyar sinadarin da ke kai iska ga gaɓoɓi. Shi ya sa ganyen rake kore, can kuma maganiziyam ne a tsakiya.

A cikin wannan dangi akwai wanda ya fi kowa suna a asibiti, wato sisfilatin, wanda a jikin kwalba ake rubuta shi Cisplatin. Ƙarfen da ke tsakiyarsa filatinam ne, farin ƙarfe mai tsada, wanda wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Matar da aka turo daga Funtua ko Malumfashi zuwa asibitin koyarwa na Shika da sankarar bakin mahaifa, in har aka sa ta a layin gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, da wuya ba ta gamu da wannan magani a cikin ƙarin ruwa ba. Ana ƙiyasta cewa kusan rabin waɗanda ake yi wa kemo, wato jinyar sankara da magunguna, suna samun shi ko ɗaya daga cikin ƙannensa. Hanyar da aka bi aka same shi ita ce abin dubawa a gare mu, domin matakinta na farko kullum muna taka shi a jami'o'inmu, sai dai a nan muke cin birki.

A farkon shekarun 1960, wani malami a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka mai suna Barnett Rosenberg, wanda asalin karatunsa fiziks ne, ya kalli hoton ƙwayar halitta tana rabewa biyu. Zare-zaren da ke jan kayan gado zuwa ɓangarorin biyu suka tuna masa da yadda garin ƙarfe ke jeruwa a kewayen mayen ƙarfe. Sai ya ce bari ya gani ko wutar lantarki tana da tasiri a kan wannan rabuwa. Ya sa bakteriyar E. coli a cikin ruwan da take girma, ya tsoma sanduna biyu na filatinam, ya saki wuta. Da gangan ya zaɓi filatinam, don kowa ya yarda ƙarfe ne da ba ya shiga sabgar kowa: ba ya tsatsa, ba ya haɗuwa da wani abu cikin sauƙi.

Ma'aikaciyar ɗakin binciken, Loretta Van Camp, ita ta leƙa madubin ƙara girma ta ga abin mamaki. Bakteriyar ba su mutu ba, amma sun daina rabewa. Tsawo kawai suke yi, wasu har ninki 300 na tsawonsu na asali. Da aka kashe wutar, bayan 'yan sa'o'i suka koma rabewa kamar da.

A nan ake gane mai bincike. Mutum ya yi hasashe, ga sakamako ya zo daidai da hasashensa. Da suna yake nema, da a makon nan ya rubuta takarda ya ce lantarki na hana ƙwayoyin halitta rabuwa, a tafa masa. Shi kuwa da abokan aikinsa, ciki har da wani ɗalibin kimiyyar sinadarai, Thomas Krigas, sai suka shiga neman hanyar da za su ƙaryata kansu. Suka sauya wannan, suka cire wancan, har suka gano wutar ba ta da hannu kai tsaye. Abin da take yi kawai shi ne gutsuro ɗan filatinam ƙanƙani daga sandunan, shi kuma ya haɗu da amoniya da kulorayid da ke cikin ruwan. Har hasken da ke sauka a kan kwalabe yana da tasa rawar, domin shi ke juya haɗin farko ya koma wanda ke hana rabuwa. A 1965 suka fitar da rahoton farko a mujallar Nature. Hasashen da aka fara da shi ya rushe, kuma su da kansu suka rushe shi.

Da suka bi diddigin sinadaran, sai ga shi ɗaya daga cikinsu, wato sisfilatin, tsohon hannu ne. Wani ɗan Italiya, Michele Peyrone, ya haɗa shi tun 1844. Alfred Werner na Zurik, wanda ya ci kyautar Nobel a 1913, ya bayyana tsarinsa a 1893. Shekara 120 ke nan yana cikin littattafai, babu wanda ya tambayi abin da zai yi wa abu mai rai. Rosenberg ya ce abin da ya hana bakteriya rabewa zai iya hana ƙwayar sankara, tun da ita sankara ƙwayoyin jiki ne da suka ƙi daina rabewa. A 1968 suka gwada a jikin ɓeraye masu ƙari, ƙarin ya motse. A 1969 suka buga sakamakon.

To me yake yi a cikin jiki? Sai an ɗan tsaya a kan DNA kafin a gane.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai zaren DNA wanda in aka miƙe shi zai kai mita 2, an naɗe shi a wurin da ido ba ya gani. Tun 1953 aka san siffarsa, daga aikin James Watson da Francis Crick da hotunan Rosalind Franklin. Kamar tsani yake da aka murɗa, kowane mataki an yi shi da sinadarai biyu daga cikin huɗu da ake wa laƙabi da A, T, G da C. Kullum A da T suke haɗuwa, G kuma da C. Jerin waɗannan haruffa shi ne umarnin ginin jiki. Kafin ƙwaya ta rabu biyu dole ta tsaga tsanin ta kwafe shi kaf, don kowace 'ya ta tafi da nata.

Sisfilatin ɗan mitsitsin abu ne. Filatinam ɗaya a tsakiya, 'yan rakiya huɗu a shimfiɗe a kusurwa huɗu, amoniya biyu a gefe ɗaya, kulorayid biyu a ɗaya gefen. A cikin jini, inda gishiri yake da yawa, kulorayid ɗin nan biyu sukan zauna a mazauninsu. Da maganin ya shiga cikin ƙwaya, inda kulorayid ya ragu ƙwarai, sai su saki, ruwa ya maye gurbinsu. Riƙon ruwa kuwa sako-sako ne. Ke nan filatinam ya samu gurbi biyu da ke neman abin kamawa, kuma abin da ya fi so a jikin DNA shi ne wata zarrar naitirojin da ke jikin harafin G. Ya kama G ɗaya, sannan ya damƙi ta kusa da ita a ɓangare ɗaya na tsanin. Wajen kashi 65 cikin 100 na kamun da yake yi irin wannan ne, G biyu maƙwabta, wajen kashi 25 kuma A ce da G. Ɗaurin nan yana lanƙwasa tsanin, kuma a 1995 Stephen Lippard da ɗalibansa a jami'ar MIT suka fitar da hoton lanƙwasar zarra bayan zarra. Furotin masu kwafar DNA da masu karanta shi in suka iso wurin sai su cije. Wasu furotin ɗin ma sukan zo su zauna a kan lanƙwasar, su tare wa masu gyara hanya. Idan ɓarna ta fi ƙarfin gyara, ƙwayar sai ta kunna tsarin da take kashe kanta da shi.

Ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk labarin. Sisfilatin yana da ɗan tagwaye, taransfilatin. Kayan haɗinsu ɗaya ne sak: filatinam ɗaya, amoniya biyu, kulorayid biyu. Bambancin kawai shi ne a wannan na biyun kulorayid ɗin suna fuskantar juna daga nesa, filatinam a tsakaninsu, maimakon su zauna kafaɗa da kafaɗa. Saboda haka ba ya iya kama G biyu maƙwabta, kuma ba ya maganin sankara. In ka kai su biyun a auna maka yawan ƙarfe da yawan naitirojin, amsa ɗaya za a ba ka. Wanda ya tsaya a kan tambayar "me ke ciki" ba zai rarrabe su ba har abada, sai wanda ya tambayi yadda aka jera su da abin da suke kamawa. Ƙarfen kansa ma ba wani mai yawa ba ne. Matar da ake yi wa gashi takan karɓi miligiram 60 zuwa 70 na maganin a mako, filatinam ɗin ciki bai kai miligiram 50 ba. Amma Jami'ar Jihar Mishigan ta samu ɗaruruwan miliyoyin dala daga haƙƙin mallakar wannan magani da ƙanensa, ba tare da ta haƙa rami ko ɗaya ba.

Sai dai maganin bai iya bambance ƙwayar sankara da ta lafiya ba. Da aka fara gwada shi a jikin mutane daga 1971, abin bai yi kyan gani ba: amai ba ƙaƙƙautawa, ji yana raguwa, ƙoda tana lalacewa. Saura ƙiris a jingine shi. Abin da ya cece shi ruwa ne. Esteban Cvitkovic da abokan aikinsa a asibitin Sloan Kettering na birnin Niyok suka nuna, a jikin karnuka tukuna sannan a jikin mutane, cewa idan aka ɗura wa majiyyaci ruwa mai yawa tare da manitol mai sa fitsari, ƙoda tana jurewa. A 1977 suka buga wannan. Kafin nan, a 1974, Lawrence Einhorn na Jami'ar Indiyana ya fara haɗa sisfilatin da wasu magunguna biyu yana ba samarin da sankarar maraina ta bazu a jikinsu. A da, cikin goma da ƙyar ɗaya yake tsira. Yau wajen takwas cikin goma na irin waɗannan suna warkewa sarai, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙwayoyin wannan sankara ragwaye ne wajen gyaran DNA. A Disamban 1978 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi.

Inda abin ya fi shafarmu kai tsaye shi ne sankarar bakin mahaifa. A 1999 Cibiyar Sankara ta Amurka ta sanar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyar da suka nuna cewa haɗa sisfilatin da gashi yana rage haɗarin mutuwa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100 idan aka kwatanta da gashi shi kaɗai. A Najeriya, ƙiyasin 2020 ya nuna mata wajen 12,000 ke kamuwa da wannan ciwo a shekara, wajen 8,000 kuma ke mutuwa. Akwai wani abu da ya kamata kowane maigida ya sani. Idan ciwon ya daɗe, ƙarin yakan danne jijiyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ƙodar ta raunana. Mai raunin ƙoda kuwa likita ba zai ba ta sisfilatin ba. Wato watannin da aka kwashe ana jiƙe-jiƙe da turare, ana cewa jinin al'ada ne ya rikice ko sammu ne, su ne suke rufe ƙofar maganin da ya fi aiki. Wadda aka ɗora a kansa kuma, ta sha ruwa kamar yadda aka umarce ta, kada ta tsallake mako, kada kuma a sayo mata maganin ciwon jiki irin su dikulofenak ko allurar jentamaisin daga kemis ba da sanin likitanta ba, don duk ƙoda suke wa nauyi. Rigakafin ƙwayar cutar HPV da ke haddasa ciwon kuwa, tun Oktoban 2023 Najeriya ta sa shi cikin alluran yau da kullum ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Da aka gane yadda sisfilatin ke kamu, sai aka daina lalube a duhu. Masu bincike a Cibiyar Binciken Sankara ta Landan tare da kamfanin Johnson Matthey suka ga cewa in aka sauya kulorayid biyun da ɗan rakiya mai jinkirin saki, ƙoda za ta huta. Haka aka samu kabofilatin, wanda Birtaniya ta amince da shi a 1986. Ya sassauta wa ƙoda amma yana takura wa ɓargo. Yoshinori Kidani na Nagoya a Jafan ya haɗa oksalifilatin a 1976, Faransa ta amince da shi a 1996, ana ba masu sankarar hanji. An haɗa dubban sinadarai na filatinam an gwada, uku ɗin nan ne kaɗai suka samu karɓuwa a duk duniya. Ko a kan waɗannan ma ba a rufe littafi ba, don a 2017 wani bincike da Lippard ɗin nan ke ciki ya nuna oksalifilatin yana kashe ƙwaya ne galibi ta hanyar dagula masana'antar furotin ɗinta, ba ta hanyar da aka daɗe ana zato ba.

Ɗauri irin na filatinam ba shi kaɗai ne hanyar taɓa DNA ba. Sinadari mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, yana iya kutsawa tsakanin mataki biyu ya zauna, ya ƙara wa zaren tsawo. Leonard Lerman ya bayyana haka a 1961. Wani yakan kwanta a cikin kwarin da murɗawar ta bari. Wani kuma yanka yake yi: biliyomaisin, ɗaya daga cikin magungunan da Einhorn ya haɗa, sai ya ɗauki baƙin ƙarfe a cikin jiki, ya yi amfani da iskar oksijin, sannan ya tsinke zaren. A 1990 Jacqueline Barton da abokan aikinta suka nuna wani haɗin ƙarfen ruteniyam da ba ya haske a cikin ruwa amma yana ƙyalli da zarar ya kutsa cikin DNA. A Kanada an kai wani haɗin ruteniyam ga gwaji a kan masu sankarar mafitsara, wanda ba ya aiki sai an haska masa haske a daidai wurin ciwon.

Kada wani ya ji an ce ƙarfe magani ne ya ɗauka duk ƙarfe haka yake. Mu maƙwabtan Zamfara mun ga ɗaya fuskar. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Maganin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta riƙa ba yaran, wanda ake kira DMSA, ɗan rakiya ne marar ƙarfe: yana shiga jini da zarrar sulfa biyu, ya damƙi dalma, su zama haɗi ɗaya, fitsari ya fitar da su. Ilimi ɗaya ne da na sisfilatin, an juya shi ne kawai. Tozalin dutse da ake rambaɗa wa jarirai ma sau da yawa dalma ce a cikinsa.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya buɗe mujallun kimiyya na jami'o'in Arewa, ko ya leƙa kundayen digiri na biyu a sassan kimiyyar sinadarai, zai ga cewa haɗa ƙarfe da 'yan rakiya sana'a ce da muka ƙware a kanta. Jan ƙarfe, nikel, kobal, tutiya, manganis, ana haɗa su da irin 'yan rakiyar da ake jinginawa ga sunan Hugo Schiff. Hanyar kusan ɗaya ce. A haɗa, a rubuta launi da zafin narkewa, a kai samfur na'ura ta auna, a ɗiga a faranti mai E. coli da wata bakteriya ɗaya ko biyu, a sa rula a auna da'irar da suka ƙi tsirowa. Sai a rufe da cewa haɗin ya fi ɗan rakiya shi kaɗai ƙarfi, ana kuma ba da shawarar ƙarin bincike. Ƙarin binciken nan ba a cika ganinsa ba. Ɗalibi ya karɓi shaidarsa, na bayansa ya ɗauko wani ƙarfen ya maimaita.

Ba raina aikin nake yi ba. Haɗa sinadari mai tsabta gwaninta ce, kuma bakteriyar da muke gwaji da ita ita ce dai ta Rosenberg. Amma da'ira a faranti ba ta faɗin dalili. Gishirin jan ƙarfe shi kaɗai yana kashe bakteriya, ruwan bilic ma haka. An gwada gishirin ƙarfen a gefe don a ga ko haɗin ya fi shi? Haɗin yana nan a haɗe bayan ya kwana a ruwan gishiri irin na jini, ko ya wargaje tun kafin ya isa ko'ina? Bakteriyar da ke bakin da'irar, mutuwa suka yi ko tsawo? Wannan tambaya ta ƙarshe madubin ƙara girma kawai take buƙata, kuma har gobe tsawon bakteriya alama ce da ake dubawa ta cewa an taɓa DNA.

Gwajin kama DNA ma ba duka ne ke neman dukiya ba. Ana sayen DNA da aka tace daga jikin maraƙi, a riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan a cikin ruwan haɗin, ana kallon yadda shan haskensa ke sauyawa a na'urar auna haske, wadda yawancin sassan kimiyya suna da ita. Ana auna kaurin ruwan da bututun gilashi da agogo: mai kutsawa tsakanin matakai yana tsawaita zaren ruwa ya yi kauri, mai lanƙwasawa irin sisfilatin yana rage kaurin. Ana sa DNA a cikin jeli a saki wuta a ga ko an tsinke shi. Waɗannan uku suna iya gaya wa ɗalibi ko abin da ya haɗa ɗauri yake yi, ko kutse, ko yanka, ko kuwa ba ruwansa da DNA. Amsar ƙarshen nan ma sakamako ce, ta cancanci a rubuta. Mai tsada shi ne tabbatar da jerin zarra, wato abin da zai raba sisfilatin da taransfilatin, sai kuma gwaji a kan ƙwayoyin mutum da ake rainonsu a kwalba.

Uzurin da malamai ke bayarwa gaskiya ne, ba na musu. Wuta ba ta tsayawa, sinadarai da dala ake sayowa, ɗalibi daga aljihun mahaifinsa yake biyan kuɗin kowane awo, ƙarin girma kuma yawan takardu ake ƙirgawa ba zurfinsu ba. Wanda tsari ya ce masa takarda biyar marasa zurfi sun fi ɗaya mai zurfi, ba za a zarge shi ba don ya bi lissafi. Amma akwai abin da ba kuɗi ne ya hana shi ba. Aikin Mishigan na mutum uku ne masu fanni daban-daban, masanin fiziks, mai kula da bakteriya, da ɗalibin sinadarai, daga baya likitoci suka karɓa. A Zariya, cikin 'yan kilomitoci, akwai sashen sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello, da tsangayar haɗa magunguna, da ta likitan dabbobi, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta Basawa, da sashen sankara a Shika. A jiharmu ta Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta Tarayya a Dutsinma, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina inda aka buɗe cibiyar sankara a 2025. Ɗaukar kwalba daga wannan gini zuwa wancan ba ya buƙatar dala. Kuma an taɓa bin magani har ƙarshe a ƙasar nan: cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta fitar da Niprisan na masu sikila a shekarun 1990.

Ba ina cewa sabon sisfilatin zai fito daga Zariya baɗi ba. Dubbai aka gwada aka samu uku. Gasa da manyan kamfanoni a fagen sankara ma ba ita ce dabara ba. Akwai fagen da suka bar mana. Makiyayin da ke sayen Berenil don shanunsa masu sammore, maganin da ke kama DNA yake saya: yana kwanciya a kwarin wani DNA na musamman da ƙwayar cutar ke da shi wanda saniya ba ta da irinsa. Tun shekarun 1950 da farkon 1960 aka fito da shi da 'yan'uwansa irin su Samorin, cutar kuma tana ta koyon jure musu, sabo bai zo ba don masu shanun ba su ne kasuwar da ake tsere a kanta ba. Cibiyar binciken wannan cuta tana Kaduna. A fagen zazzaɓin cizon sauro, masu bincike a Lil ta Faransa sun dasa baƙin ƙarfe a jikin kulorokwin a shekarun 1990, suka samu ferokwin, wanda ke kashe ƙwayoyin da suka gagari kulorokwin ɗin, har aka kai shi ga gwaji a Afirka. Wannan tunani ne da ɗalibinmu zai iya yi, a kan cutar da ke gidansu.

Roƙona ga gwamnatin Katsina da asusun TETFund shi ne a kafa ɗakin awo ɗaya tak na haɗin gwiwa, mai wutar sola da ma'aikacin da aka horar aka kuma biya, wanda ɗalibin kowace jami'a zai kawo samfurinsa, maimakon a raba na'urori ɗai-ɗai su lalace a kwali. Ga malamai masu duba ɗalibai kuma, abin da ke hannunku ba ya jiran kasafin kuɗi. Maimakon sabon ƙarfe kowace shekara, a ɗauki haɗi ɗaya da ya nuna alama, a miƙa shi ga ɗalibai uku a jere, kowa ya ɗora daga inda na gabansa ya tsaya. Kafin kuma a sa hannu a kan kundi na gaba, a tambayi mai shi ko ya gwada gishirin ƙarfen shi kaɗai, ko kuma ya leƙa madubi ya ga siffar bakteriyar da ke bakin da'irar.